Abin da Baturiya Ta Faɗa a Kan Uwani

Makarfi, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Zuwa ga 'yata Hajara, wadda bakina bai iya kira ba sai da Uwani, tunda sunan mahaifiyata gare ta.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar gajiyar hanya da baƙunta. Ina fata kin isa Kaduna lafiya, an ba ki wurin kwana a makarantar jinyar, kin kuma gane inda gabas take a ɗakin. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah ya tsare ki a inda kike kamar yadda ya tsare ki a gabanmu.

Ki yi haƙuri da rubutun. Bokon nan da girma na koye shi a ajin manya, hannun kuma da aska ya saba, shi ya sa layukan suka karkace kamar kunyar sabon manomi. Ba labarin gari zan ba ki ba, wannan ƙannenki za su rubuto miki. Maganar kalma ɗaya zan yi miki, kalmar Turanci, wadda ita kaɗai na riƙe da kyau a duk Turancin duniya, don a kanki na koye ta.

Kin tuna shekarar da aka sami mulkin kai, kina babban aji a firamare? Hedimasta Malam Yohanna, mutumin kudancin Zariya, ya aiko in je in yi wa yara maza aski, don wata Baturiya mai duba makarantu za ta zo. Na shimfiɗa tabarmata a gindin mangwaron bakin makaranta. Ban gama ba motarta ta iso. Ta shiga ajinku ta daɗe. Da ta fito, Malam Yohanna ya nuna ni, na ga alamar yana ce mata ga uban yarinyar. Ta tako har gindin itacen riƙe da littafinki, ta nuna ki kina tsaye a bakin ƙofa kanki a sunkuye, ta girgiza kai, ta ce mini, "Keen. Very keen." Daga nan aka wuce da ita gaisuwa gidan hakimi, Malam Yohanna yana biye da ita.

Turancina a lokacin bai wuce abin da nake tsinta a bakin yaran mota ba. Na san kalma ta biyun tana nufin ƙwarai. Ta farkon kuwa, kunnena "ƙin" ya ji. Ƙin me? Ga littafi a hannunta, ga ta tana girgiza kai, ga ki kin sunkuyar da kai. Na haɗa lissafina nan take: ƙin karatu, ƙwarai kuwa.

Da ma zuciyata a shirye take ta ji haka. Tun ranar da na kai ki makaranta mutanen unguwa suke ce mini, "Wanzam, ka kai mace boko, za ka gani." Kullum ina jiran ranar da zan gani. Sai na ɗauka ranar ce ta zo, a gaban yara, daga bakin baƙuwa.

Na shiga gida na ce, "Daga yau ba ke ba makaranta." Ba ki yi kuka ba. Kin cire rigar makaranta kin ninke, kin sa a ƙarƙashin kwandon kayanki. Innarki ce ta biyo ni zaure.

Ta ce, "Malam, ka tambayi hedimasta?"

Na ce, "Me zan tambaya? Da kunnena na ji."

Ta ce, "Da kunnenka ka ji, amma ba da Hausa aka faɗa ba."

Na ce ta koma ciki. Ta koma.

Kwanaki suka shuɗe kina kai wa innarki mazarƙwaila kasuwa. Wata rana na wuce da zabirata na hango ki zaune bayan faifai, kina rubutu a ƙasa da ɓawon rake, kina sharewa da tafin hannu, kina sakewa. Na gani, na wuce. Ko wannan bai sa na tambayi kaina yadda mai ƙin karatu za ta yi haka ba.

Sai ga Malam Yohanna a kan kekensa, ya ce aski yake so. Ya zauna, na jiƙa masa kai, na fara. Na kai rabi ya ce, "Wanzam, ina Hajara? Ko ba ta da lafiya ne?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau. Wadda aka ce tana ƙin karatu a gaban jama'a, me za ta koma yi?"

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na maimaita masa abin da Baturiya ta faɗa, yadda na ji shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya ce, "Ɗaga askar nan, ɗaga, kada ka yanka ni." Ya yi dariya har da hawaye, rabin kai a aske, rabi da gashi. Da ya juyo ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce in ba shi askar. Ya gwada bakinta a farcensa.

Ya ce, "Ka ga bakin nan? A Turance shi ake ce wa keen. Kaifi. Amma ba a ƙarfe kaɗai suka bar kalmar ba. Shahon da ke hango ɗan tsako daga sama, sai su ce idonsa keen. Karen farauta da ke jin ƙanshin zomo tun daga nesa, hancinsa keen. Yaron da in an buɗe littafi jikinsa yake rawa ya san abin da ke ciki, shi ma haka. Mu mun raba, muna cewa kaifin ido, kaifin basira, ɗoki, himma. Su suka tara a kalma ɗaya. Girgiza kan da ka gani na mamaki ne. Ta ce in tura sunan 'yarka jarrabawar makarantar 'yan mata, kuma saura kaɗan a rufe karɓa."

Ban san yadda na ƙarasa askin nan ba. Na leƙa ciki na same ki kina tsince shinkafa, na ce, "Uwani, ɗauko kayan makarantarki." Kika ce, "To, Baba," kamar jiya kika cire su. A bayan keken Malam Yohanna kika tafi.

To, Uwani, ga ki a garin da kowane harshe yake. Likita zai yi Turanci da sauri, yana tafiya yana magana. Za a kawo miki Bafulatana daga ruga, a kawo miki matar da ko sannu ba ta ji da Hausa. Don Allah kada ki ji kunyar cewa, "Ban gane ba, a sake faɗa." Ni rashin tambayata ya kusa raba ki da karatu. Ke rashin tambayarki yana iya raba mutum da ransa. Kuma in kin ji magana ta soke ki, ki fara duba ko da ma kin zo da tsoronki ne kina jiran wanda zai faɗa miki shi.

Bari in koma kan kaifin ƙarfe, tunda shi na fi sani.

A Hunkuyi na koyi wanzanci wurin Kawu Ɗanjuma, ƙanen mahaifiyata. Ina saurayi, da Baturiyar nan ta gan ni a lokacin da ni ma ta girgiza mini kai. Kowa ya kwanta hutun rana, ni ina kan dutse ina wasa aska. Askata tana ɗauke gashin hannu ba ruwa. Aka fara yabona, ni kuma na fara jin daɗin yabon fiye da aikin.

Wata rana aka kira Kawu askin suna a Dandamisa, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya ce in je ni kaɗai. Gida cike da mata, an kewaye ni ana kallo. Wata ta ce, "Yaron nan kuwa zai iya?" Sai na ce a raina yau za su ga sauri. Ina cikin tafiya da aska kamar mai yankan ciyawa, jaririn ya yi atishawa. Askar ta shiga saman kunnensa.

Jini a kan jariri ɗan kwana bakwai, Uwani, ba shi da kyan gani. Abin da ya fara zuwa mini shi ne in danne wurin da yatsa in ja zane in rufe. Amma kakarsa, wadda ke riƙe da shi, ta riga ta gani. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Ɗan wanzam, ɗauke hannunka in gani." Na ɗauke. Ta sa aka kawo auduga ta danne har jinin ya tsaya. Sannan ta ce, "Ƙarasa."

Na ce, "Iya, hannuna rawa yake."

Ta ce, "To jira ya daina. Ba inda za mu."

Na jira, sannan na ƙarasa a hankali. Da na koma na gaya wa Kawu, bai zage ni ba. Ya ce, "Aska aikinta ta yi. Kai ne hannunka yana kan jariri, idonka yana kan mata."

Jaririn nan kin san shi. Musa ne mai injin matse rake, wanda dokinsa ke da farin goshi. Har yau ni ke yi masa aski, kuma duk sanda na zo saman kunnen sai ya ce, "Wanzam, a bi nan a hankali, akwai tarihi."

Ke ma za a ba ki allura da almakashi da wuƙaƙen da suka fi nawa kaifi. Na san ki, za ki iya su kafin 'yan ajinku, za a kuma taru ana kallonki. A ranar ne nake ji miki tsoro. Ki manta da masu kallo, ki dubi wanda ke kwance. In kuskure ya faru, kuma zai faru, don ba mai riƙe ƙarfe shekara da shekaru bai taɓa yanka inda bai yi niyya ba, kada ki ja zane ki rufe. Ki kira babbarku tun jinin bai bushe ba. Faɗa za ta yi miki, faɗan kuma zai wuce.

Labari na uku ya fi mini nauyi, kuma kina wurin, amma bari in faɗa don akwai abin da nake so ki cire a ciki.

Ina alfahari da idona. In na kama kan mutum, kafin in gama na san ko yana kwana da zazzaɓi. Na sha ɗaga fatar idon mutum in ce masa shawara ce ke damunsa tun iyalinsa ba su lura ba. Har daga Saulawa ana zuwa in duba mutum in yi masa ƙaho.

Shekarar da innarki take da cikin ƙarshe, kin zo hutu daga makarantar 'yan mata. Lokacin saran rake ne, kowa ya sami abin hannu, sai biki da suna ta ko'ina. Ina fita da sassafe, ina dawowa a gajiye. Kika same ni ina haɗa zabira kika ce, "Baba, ka dubi ƙafafun Inna. Na danna da yatsa wurin bai taso ba. Zobenta ya ƙi fita. Ta ce kanta yana sarawa, tana ganin abu kamar walƙiya."

Na ce kowace mai ciki tana kumbura. Na tambaye ta daga bakin ƙofa, ta ce, "Ba komai, Malam." Na ce in na dawo zan yi mata ƙaho.

Washegari na zo fita na same ki durƙushe a ƙofar zaure, kin tare hanya.

Kika ce, "Baba, ban taɓa yi maka musu ba. In ba za ka kai ta Zariya ba, ka ba ni izini ni in kai ta."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Bokon ne ya koya miki tare wa ubanki hanya?" Na ga maganar ta shige ki, amma ba ki matsa ba. Sai na juya don in kira innarki ta janye ki. Tana tsaye ta dafa ƙyauren ɗakinta. Uwani, fuskarta ta cika har idanunta sun shige. Matar da muke kwana gida ɗaya, ban san yaushe rabon da in tsaya in dubi fuskarta ba. Ina zagaya ƙauyuka ina leƙa idon baƙi.

Na ajiye zabira. Muka sami motar da ke kai mazarƙwaila Zariya, aka gyara mata wuri a kan buhuna. Kin tuna yadda jijjiga ta kama ta a hanya, kika sa kanta a cinyarki kina kiran sunan Allah, ni ina buga jikin mota ina roƙon direba ya ƙara wuta. A asibiti Allah ya sa aka ceto ta. Yaron kuwa ya zo ba rai. Ni na ɗauke shi a hannuna na kai shi makwancinsa a can Zariya.

Ajali na Allah ne. Ban ce da na yi sauri da ya rayu ba, wannan ba sanina ba ne. Abin da na sani shi ne an ba ni ido ban duba ba, ke kika duba.

Da muka dawo gida, innarki ta daure har sai da ta buɗe akwati ta ga 'yan zannuwan da ta tanada. Sannan kukan ya zo. Malam Yohanna yana zaune tare da ni a zaure, ya zo gaisuwa. Muna jin kukanta daga nan. Can ya ce a hankali, "Wanzam, ka tuna kalmar nan tamu? A wata ƙasa ta can, kukan da mata ke yi wa wanda suka rasa, shi ma da ita suke kiransa." Na ce masa ashe ta kowane gefe tana yanka.

Ga abin da nake so ki riƙe. Matanmu "ba komai" suke cewa. Za su ce miki ba komai suna riƙe da bango. Kada ki tsaya a bakin ƙofa ki karɓi amsar nan ki wuce, ki matsa ki danna da yatsa yadda kika yi wa innarki. In wanda ya girme ki ya ce ba komai ba ne alhali idonki ya gani, ki durƙusa da ladabi, amma kada ki matsa daga ƙofar. Kuma kada idonki ya ƙare a kan masu gadon asibiti. Yarinyar da kuke ɗaki ɗaya, in ta daina cin abinci, ki lura.

Za ki ga mutuwa fiye da yadda na gani. An ce mini masu aikinku wasu sukan saba, har kukan uwa ya zame musu kamar ƙarar injin niƙa. Ina roƙon Allah kada ya dakusar da ke haka. In abin ya taɓa ki, ki gama aikinki tukuna, sannan ki sami wuri ki yi kukanki, ki yi alwala, ki koma. Ba rauni ba ne.

Sauran ƙanana ne, amma innarki ta ce in ban rubuta su ba kada in aika takardar. Ki ci abinci. Mun san ki, in kin sa kai a littafi tuwo sai ya sandare a gabanki. Ni ko askata ba na barinta a kan dutse kullum, in an cika wasa ta bakin cinyewa yake. Nakan goge ta in shafa mata mai in mayar da ita zabira ta huta. Kuma za ki zauna da waɗanda ba su kai ki saurin ganewa ba. Kada ki ƙarasa musu magana, kada ki yi tsaki in sun sake tambaya. Kaifin harshe a wurina kika gado, na kuma gaya miki abin da na yi da nawa a ƙofar zaure.

Akwai ma'ana ɗaya da Malam Yohanna ya ɓoye mini sai kwanan nan, da na je masa da labarin tafiyarki. Ya ce samarin birni in yarinya ta kwanta musu a rai, da kalmar nan suke faɗa. To, in wani malamin asibiti ko ma'aikacin reluwe ya zo yana ce miki shi keen ne a kanki, kada ki yi masa rashin kunya, kada kuma ki ba shi amsa. Ki ce ya hau mota ya zo Makarfi ubanki ya yi masa aski. Mutum in ya zauna ya miƙa mini wuyansa, kafin in kai ga gemu na san ko wane ne.

Ranar kasuwa da muka raka ki tasha, kin riga kin hau gaban mota an ɗaure akwatinki a sama. Sai na ga kin sauko. Kika zo kika durƙusa a ƙasa, da sabon zanenki, a gaban yaran mota da masu tallar rake, kika ce, "Baba, ka yafe mini." Na ce, "Hau, za su tafi su bar ki." Na ga kin ɗan jira, sannan kika tashi. Ba ƙin amsawa na yi ba, Uwani. Na san in na ƙara buɗe baki a tashar nan kuka zai ƙwace mini, mutanen Makarfi za su sami abin faɗa har baɗi. Na tsaya har motar ta sha kwana, na dawo gida ban buɗe zabira ba ranar.

To ga amsarki. Tun ranar nake dubawa, daga haihuwarki zuwa yau, ban sami abin da zan yafe ba. Amma tunda kin roƙa, na yafe miki duniya da lahira, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Innarki tana tsaye a kaina, ta ce in rubuta ita ma haka.

Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa waraka a hannunki, ya haɗa ki da shugabanni masu tausayi da ƙawaye masu tsoronsa. Ya tsare ki a hanya da masauki, a cikin mota da cikin mutane, ya dawo mana da ke lafiya muna raye.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Sule Wanzami.